Harsashi Shida na Saje Mamman

Ku samarin da kuke tsayawa a bakin rumfata a Sharaɗa kuna cewa zubin dalma ai narka-ka-zuba ne, ku matso ku dubi girata ta hagu. Babu ita. Ba aski ba ne, ba kuma gado ba ne, don ubana har ya koma ga Allah girarsa kamar tsintsiya take. Ɗigon gumi ɗaya ne ya faɗa tukunyar dalma a watana na biyu da fara aiki, tukunyar ta yi tari ta tofo mini a fuska. Maigidana Malam Iro, mutumin Damagaram, bai ce mini sannu ba. Tukunyar ya fara leƙawa ya ga ko an yi asara, sannan ya dube ni ya ce, "To, ta gaishe ka. Gobe ka zo da ƙyalle ka ɗaure goshi."

A wata masaƙa ce a Challawa. Ba zan kama sunanta ba, yau ma awaki ne ke kiwo a cikinta. Mu huɗu ne a wokshof, aikinmu zuba dalmar hatimi da ake liƙe dilolin atamfa da ita, da farin ƙarfen da ake yi wa injuna shimfiɗa. Wannan shi ne aikin Litinin zuwa Juma'a, kuma gaskiyarku, rabinsa ko jaki aka nuna wa zai yi. Aikin Asabar ne ya mayar da ni mutum.

Tsohon da ya kafa masaƙar ya bar wa kamfani wata ƙaramar bindigar hannu, irin mai juyi, mai cin harsashi shida. Takardar izininta tana rataye cikin gilashi a ofis, duk shekara ana sabunta ta, na faɗa ne tun kafin wani ɗan gulma ya ɗauki zancen ya kai gaba. Harsashinta an daina kawo shi tun da daɗewa, don haka tsohon ya zo da mazubinsa na ƙarfe da ɗan injin matsawa, ya koya wa Malam Iro. Sai a tsince kwanson da aka harba, a wanke, a zuba sabon kai na dalma, a sake ɗurawa. Awon albarushi kuwa kada ma ku tambaye ni. Ko rago kuka kawo mini, zan ci naman in yi muku addu'a ku tafi.

Ranar da Malam Iro ya fara ba ni ludayi, na zuba ashirin a jere, na jera su a kan tebur ina jiran yabo. Ya sa gefen hannu ya share su duka cikin tukunya. Ya ce mazubin bai yi zafi ba tukuna, duk abin da ya fito daga mazubi mai sanyi tsoho ne tun ranar haihuwarsa. Na ɗauki ɗaya da ya faɗi ƙasa na duba, jikinsa duk tamoji. Haka na koyi cewa zubin farko ɗumama mazubi kawai yake yi. In kuma ka ƙyale ya yi zafi da yawa, sai su fito da furfura, su ma su koma tukunya. Tsakanin tamoji da furfura akwai ɗan lokaci ƙanƙane, a nan mai sana'a yake cin abincinsa. Babu agogon da zai nuna maka shi, sai launin dalmar a bakin mazubi da yadda take ɗaukar lokaci kafin ta daskare.

Dalma zalla laushi gare ta, tana shafe cikin bindiga kamar man shanu a burodi, harbi uku sai saiti ya lalace. Sai an sa mata kuza ta yi ƙarfi. Bayan haka a shafe tsagin jikin kowane kai da kakin zuma da kitse. Ku kuna kallon hancin harsashi don shi ne mai tsini, mu gindinsa muke kallo. In gindin ya ɗan karkace ko ya yi ɓalli, to zai fita daga bindiga da karkace, kuma babu malamin da zai yi masa addu'a ya miƙe a hanya.

Mafi munafunci a cikinsu shi ne wanda ya haɗiye iska. A waje sumul, kyakkyawa, a ciki akwai rami kamar ƙwayar gero. Ido ba ya gani. Malam Iro yana da ɗan sikelin masu zinariya da ya saya a Kurmi, yana naɗe shi cikin tsumma kamar jariri. Ɗaya bayan ɗaya muke aunawa, wanda ya yi sauƙi ko da ƙiris ya koma wuta. A cikin ɗari, in Allah ya so ka, ka tsira da sittin. Na taɓa ce masa, "Malam, wannan ɗan bambancin wa zai sani?" Ya ce, "A taku goma babu wanda zai sani. Kowane harsashi mutumin kirki ne a taku goma. Kai shi taku ɗari ka ga halinsa."

Taku ɗari kuwa a ramin burji ake yin sa, wani tsohon rami a bayan katangar masaƙar, mai bango dogo da zai tare duk abin da ya wuce. Da sassafe muke zuwa, kafin iska ta tashi, kafin rana ta sa ƙasa ta fara rawa a ido. Kowane zubi za a ɗebi shida a gwada a kan kwali. Ba tsakiya muke nema ba, taruwa muke nema. In shida suka taru wuri ɗaya ko da a gefe ne, zubin ya yi, saiti ne za a gyara. In suka watse kamar kaji sun ga shaho, to koma ka sake lale. Kuma abu ɗaya ake canzawa a kowane gwaji. Wanda ya canza kuza da kaki rana ɗaya, ko ya dace bai san wa zai gode wa ba.

Matsalar gwaji ita ce ɗan Adam. Hannu yana rawa, numfashi yana motsa shi, wani ma kumallo bai karya ba. In harsashi ya kauce, ba ka sani ba shi ne ko mai harbin. Wannan ya dame ni shekaru. Da na fara jin kaina, sai na samo wani mataccen kan inji mai nauyin mutum uku, na ɗaure masa bais, matsin ƙarfen nan na kan tebur, na yi masa shimfiɗa da fatar da na roƙo a majemar da ke maƙwabtaka da mu. A matse bindiga a ciki, a ɗaura zare a kunama, a koma baya a ja. Babu hannu, babu numfashi, babu kumallo. Na kira Malam Iro ya gani. Ya zagaya shi sau biyu yana tauna goro, ya ce, "Aiki ya yi kyau. Amma ka gina abin da ba ya jin kunyar kowa." Na ɗauka yabo ne. Shekarar da ta zagayo ya ajiye aiki ya koma garinsu, ludayi da sikeli suka zama nawa.

Duk wannan wahala saboda mutum ɗaya ake yin ta, Saje Mamman, shugaban masu gadin masaƙar, shi ke riƙe da bindigar. Tsohon soja ne daga wajen Haɗejiya, dogo, da gashin baki da yake murzawa kafin ya yi magana. Ni Baba Saje nake ce masa, shi kuma bai taɓa kiran sunana Sabo shi kaɗai ba, sai ya haɗa da "mai ludayi". Asabar ɗin ƙarshen kowane wata, in 'yan aikin safe sun tashi, sai a taru a ramin burji. A ɗora gwangwanin madara a kan kututture a taku ɗari. Saje ya juya gefe, hannu ɗaya a ƙugu, ya murza gashin baki, ya ɗaga. Tau! Gwangwani ya yi tsalle. Kafin magariba labari ya kai teburan masu shayi na Panshekara, kafin isha gwangwanin ya koma ƙwallon dabino, takun ya koma ɗari uku. Ɓarayi ma shayi suke sha. An yi wa maƙwabtanmu na hagu da na dama sata har sun gaji da kai ƙara, mu ko ƙusa ba a taɓa ɗauka ba. Saje bai taɓa harbin ɗan Adam a bakin aikin nan ba, sunansa ne yake gadi.

Ga abin da ban sani ba, sai daga baya aka faɗa mini, kuma ashe har masu sayar da abinci a bakin get sun sani. Shekara biyu ke nan da yanar ido ta rufe wa Saje gani. Inuwar mutum yake gani, gwangwani a taku ɗari kuwa sai dai a mafarki. Mataimakinsa Habu, wani magidanci mai 'ya'ya bakwai, shi ke zuwa ya ɗora gwangwanin ya laɓe bayan tudu. Igiyar fatsa ce ɗaure a gindin gwangwanin. Da ya ji tau sai ya fizga. Sannan ya fito da wani gwangwanin daga aljihu, wanda aka riga aka huda a taku biyu, ya taho yana ɗaga shi sama yana kabbara. Ko tafiya za su yi, Habu ne a gaba yana kaɗa makullai, Saje yana bin ƙarar, kai a sama kamar mai duba fareti. Ni kuwa duk lokacin da ake wannan, kaina yana ƙasa ina tsintar kwanso, ina jin daɗi harsashina ba ya kuskure.

Me ya sa suka rufa masa? Al'adar masaƙar ce, duk wanda ya cika shekara ashirin da biyar yana aiki, kamfani ya yi masa liyafa ya ba shi kujerar Makka. Saje saura wata biyar. Ya riga ya sayi haraminsa, yana cikin akwati a gidansa a Zawaciki.

Sai ga muguwar shekarar. Wuta ta zama baƙuwa, atamfar waje ta cika kasuwa, injuna rabi suka yi shiru. Aka daina kawo mana dalma mai kyau, sai tarkacen 'yan gwangwan: cikin tsofaffin batura, ƙarfen gefen taya, har da abin da ban san sunansa ba. In narka, in kwashe datti, in sake narkawa, sau uku sau huɗu, hayaƙi ya sa ni tari har cikin salla. A cikin ɗari da ƙyar nake tsira da talatin. Amma talatin ɗin nan, wallahi ko a zamanin Malam Iro ba a zuba irinsu ba. Ana cikin haka aka fara sallamar ma'aikata, aka ce a wokshof mutum biyu za a bari a cikinmu. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, ai ka san abin da za ka yi wa naka.

Sabon manaja aka turo, matashi, ɗan Kano ne amma rabin maganarsa Turanci, kullum da fayil a hammata. Ba mugu ba ne, kuma in za a faɗi gaskiya tambayarsa tana kan hanya. Ya ce duk mai riƙe da bindigar kamfani sai an ga shaidar cewa har yanzu ya iya ta, in ba haka ba a ajiye ta a ba kamfanin masu gadi kwangila. Ya sa rana. Ya ce tunda taku ɗari aka san Saje da shi, taku ɗari za a yi, amma a kan kwali mai da'ira, don a sa a fayil.

Habu ya rusuna ya ce, "Ranka ya daɗe, ai Saje bai saba da kwali ba. Gwangwani yake ci."

Manaja ya ce, "No, Malam Habu, gwangwani ba ya shiga fayil. Ku dawo nan bayanmu, ni zan kafa shi da kaina."

Mutane sun fi na kullum yawa ranar, har waɗanda aka sallama sun dawo kallo. Saje ya juya gefe, ya murza gashin baki, ya harba shida a jere, hannunsa ko motsi bai yi ba. Manaja ya taka har can ya ciro kwalin ya dawo da shi. Fes. Ko ƙuda bai sauka a kansa ba.

Saje ya buɗe bindigar, ya zazzage kwanson a tafin hannu, ya shinshina, ya girgiza kai. Ya ce, "Harsashin nan ba shi da nauyi. Dalmar bana ta 'yan gwangwan ce, tun a hannu na ji tana gudu."

Kamar an ja baƙi a makaranta, wurin ya amsa gaba ɗaya. "Haka ne, Saje." "Dalmar yanzu ai sai a hankali." Wani mai kula da tukunyar tururi, wanda bai taɓa riƙe ko gwafa ba, ya rantse ya ga harsashi ɗaya ya yi kwana a sama.

Manaja ya juyo gare ni. Ya ce, "Malam Sabo, ku ne kuke yin su. In matsalar daga harsashi ne, oke, sai mu ɗage gwajin har a sayo dalma mai kyau. Haka ne?"

Kowa a wurin ya san kamfanin da ba ya iya sayen man janareta ba zai sayo dalma ba, ba a wata biyar ba, ba a shekara ba. "Haka ne" kawai ake so in ce, in sunkuyar da kai, a yi mini dariya kwana biyu a manta. Habu ya matso ya taka mini ƙafa, ya danna. Ba zan yi muku ƙarya in ce ban ji ba, ko in ce ban gane ana so in yi shiru ba. Na gane. Amma ga manaja da biro a hannu, ga jerin sunayen wokshof a cikin fayil ɗin nan, ga wani ya tsaya a gaban jama'a ya ce abin da na ƙone huhuna a kansa ba shi da nauyi. Raina ya ɓaci, tsoro kuma ya taya shi.

Na ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni minti goma da baro."

Mutum uku na roƙa su taya ni ɗaukar kan injin nan, babu wanda ya motsa. Ni kaɗai na turo shi har ramin, ina haki. Na karɓi bindigar daga hannun Saje, ya sakar mini. Na ɗebo shida daga akwatin da ya harba, a gaban kowa, don kada a ce na canza. Na matse, manaja ya kafa sabon kwali, na daidaita, na koma baya na riƙe zare. Tau, in jira hayaƙi ya wuce, tau, har shida.

Da aka kawo kwalin, duk shida suna cikin da'ira, sun taru har tafin hannuna ya rufe su, biyu ma sun haɗe rami ɗaya. Tun da nake ban taɓa ganin irinsa ba, har yau kuma ban sake ba. Na washe baki na waiga in ga wa zai fara tafi. Kowa ƙasa yake kallo. Manaja ne kaɗai ya ce, "Wonderful," shi ma a hankali, don ya fara gane abin da ya taka.

Saje ya ce, "Ku miƙo mini."

Aka ba shi. Ya kai kwalin daf da hancinsa, ya matsar da shi, ya sake kawowa. Sannan ya sauke shi ya fara lalube da yatsa. Ya sami rami na farko, ya ce ɗaya. Ya ci gaba yana ƙirgawa da ƙarfi, jama'a suna ji. A nan ne na gane, ni sarkin awo, mai gane ramin ƙwayar gero a cikin dalma, shekara biyu ina miƙa wa makaho harsashi ban lura ba. Kunya ta rufe ni, da ramin burjin zai tsage da na shige.

Ya kai biyar ya tsaya. Ya ce, "Ina na shida?"

Na ce, "Biyu sun haɗe, Baba Saje. Ga shi nan ƙasan babban yatsanku."

Ya shafa wurin ya daɗe. Ya ce, "Madalla. Ni ko lokacin da nake da ido ban taɓa tara su haka ba. Allah ya yi wa hannunka albarka." Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Ya sa aka kwance bindigar, ya goge ta da gefen rigarsa, ya miƙa wa manaja ta wajen mariƙi. Manaja ya karɓa yana cewa, "Sori, Saje, ku zo ofis ran Litinin mu yi magana." Kowa ya san maganar da ake yi a ofis ran Litinin a wannan shekara, kuma babu liyafa a cikinta, babu Makka.

Habu ya zaro makullai ya fara kaɗawa, ya shige gaba kamar kullum. Saje ya ce, "Habu, mayar da su aljihu, ka huta." Ya juyo wajen da ya ji numfashina, ya ce, "Sabo, zo nan. Kai ka faɗa musu, kai za ka ja ni."

Ya ɗora hannu a kafaɗata. Muka hauro daga ramin, ina ce masa ga dutse, ga gangara, mutane suna darewa suna ba mu hanya. Muka bi ta gaban wokshof, ta gaban ɗakin rini, muka fita ta get ɗin da ya yi shekara ashirin da huɗu da wata bakwai yana tsaro. Masu abinci suka bar zuba miya suna kallonmu. A bakin titi ya ce in tsayar masa da motar Zawaciki.

Mota uku ta wuce, kwandasta yana rataye a ƙofa yana ihun Zawaciki, Zawaciki. Na kasa ɗaga hannu. Shi ma yana jin su suna wucewa. Da ta huɗu ta taho, sai ya ɗan matsa kafaɗata ya ce, "Wannan dai ka tsayar mini, Sabo. Rana ta yi zafi."